FASHIN BAƘI: Wace Linux za a ɗora wa saba? Abin da mutuwar CentOS ta fallasa

Ranar 8 ga Disamba, 2020, aka wallafa wata gajeriyar sanarwa a shafin CentOS, ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi yawa a na'urorin da ke riƙe da shafukan intanet a wancan lokaci. Sanarwar ta ce za a daina kula da CentOS 8 a ƙarshen shekarar 2021. Wanda ba ya cikin harkar ba zai ga abin tayar da hankali a ciki ba. Waɗanda ke cikinta kuwa sun ji tamkar mai gida ya aiko wa ɗan haya takardar tashi alhali an rubuta yarjejeniyar shekara goma. CentOS 8 ta fito ne a watan Satumbar 2019, kuma jadawalin da aka bayar ya nuna za a ci gaba da gyara ta har 2029. A rana ɗaya aka zaftare shekara takwas daga wannan wa'adi.

Jami'o'i da kamfanonin da ke ba da hayar shafuka da cibiyoyin bincike da ma'aikatun gwamnatoci a ƙasashe da dama sun riga sun kwashe kayansu zuwa sabuwar manhajar, wasu ma ba su gama shirya ɗaki ba. Babu kotun da za su je, domin ba su biya kowa ko sisi ba. Kyauta aka ba su, kuma mai kyautar ya sauya shawara.

Kalmar saba ba baƙuwa ba ce ga wanda ya bibiyi shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2019 a Najeriya, lokacin da aka shafe watanni ana jayayya a kotu kan ko hukumar zaɓe tana da wata saba da aka tara sakamako a cikinta. Saba dai kwamfuta ce da aka keɓe domin yi wa wasu kwamfutoci hidima. Ba ta barci, sau da yawa ba ta da allo ko madannai, tana ajiye ne a wani ɗaki mai sanyi tana amsa buƙatun da ke shigowa: wannan yana duba sakamakon jarrabawa, wancan yana tura kuɗi, wata tana karanta labari. Kamar kowace kwamfuta, tana buƙatar babbar manhaja wadda sauran manhajoji za su hau kanta, irin matsayin da Android ke da shi a waya. A duniyar saba, Linux ce ta mamaye wannan gurbi. Tun daga Nuwamban 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Sai dai cewa “a sa Linux” bai yanke komai ba. Abin da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, yana ɗalibi a Helsinki, ƙwaya ce kawai, wato ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura, yana raba wa manhajoji lokaci da wurin ajiya. Ƙwaya ita kaɗai ba ta aiki. Sai an haɗa ta da dubban ƙananan manhajoji da mutane daban-daban suka rubuta a wurare daban-daban, an gwada su tare, an ƙulle su a ƙunshi ɗaya da za a iya ɗorawa. Masu wannan aikin haɗi su ne Debian da Ubuntu da Red Hat da SUSE da makamantansu, kuma abin da kowannensu ya haɗa shi ne nau'in Linux ɗinsa, wanda masu sana'ar ke kira distiro.

Idan aka ajiye manyan nau'o'in nan gefe da gefe, bambancinsu a wurin aiki kaɗan ne. Manhajar da ke miƙa shafuka, kamar Nginx ko Apache, iri ɗaya ce a cikinsu duka. Rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MariaDB haka. Mai ziyartar shafi ba zai taɓa gane wace ce a ƙasa ba. Muhawarar da matasa masu sha'awar fasaha kan yi a kan wace ta fi sauri yawanci ɓata yawu ce. Wurin da suka rabu shi ne abin da zai biyo bayan ranar ɗorawa.

Faci

Kowace manhaja tana da kafofin da ba a gano ba tukuna. Ana gano su a hankali, mako bayan mako, wani lokaci masu bincike ne ke riga, wani lokaci masu kutse. Da zarar an bayyana wata kafa, sai a shiga tsere tsakanin masu rubuta facin da zai toshe ta da masu neman sabar da ba ta sa facin ba. Saba kuwa a tsakiyar kasuwa take zaune, kowa daga ko'ina yana iya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Babban aikin masu haɗa nau'in Linux shi ne wannan faci, kuma aiki ne mai cin rai. Mai saba ba ya son a riƙa sauya masa manhaja zuwa sabuwar siga duk wata, domin sabuwar siga kan zo da sababbin halaye, ta karya abin da ke tafiya lafiya. Abin da yake so shi ne tsohuwar sigar da ya sani, amma a toshe mata kafa. Don haka injiniyoyi ke zama su ciro gyaran daga sabuwar siga, su yi masa kwaskwarima har ya dace da tsohuwa, su gwada, sannan su saki. Suna yin haka ga dubban manhajoji, shekara da shekaru. Wanda ya zaɓi nau'in Linux, a zahiri ya zaɓi mutanen da za su riƙa yi masa wannan ɗinki ne, da ranar da za su ajiye allura.

Ba a daɗe ba aka ga abin da ajiye allurar ke nufi. Ranar 25 ga Janairu, 2022, kwana 25 bayan cikar wa'adin CentOS 8, kamfanin tsaro na Qualys ya bayyana wata kafa da aka laƙaba wa suna PwnKit, a wata manhaja mai suna polkit da ke cikin kusan dukkan manyan nau'o'in Linux. Kafar ta shafe sama da shekara 12 a wurin, kuma tana ba duk wanda ya samu ƙaramar dama a kan na'ura ikon zama mai iko da ita baki ɗaya. Nau'o'in da ake kula da su sun fitar da faci nan da nan. Wanda yake kan CentOS 8 ya wayi gari babu wanda ke bin sa da alkawarin komai.

Gidan Red Hat

Don a fahimci yadda aka zo nan, sai an koma ga kamfanin Red Hat na Amurka. Yana sayar da nau'insa, Red Hat Enterprise Linux, wanda ake taƙaitawa RHEL, ta hanyar biyan kuɗin shekara-shekara, ɗaruruwan daloli a kan kowace saba. Abin da ake biya shi ne faci na shekara goma, da lambar da za a kira idan abu ya lalace da tsakar dare, da kuma shaidar cewa manyan manhajojin kasuwanci da na'urorin manyan kamfanoni an gwada su a kai. Bankuna da kamfanonin sadarwa suna son irin wannan, domin idan masu binciken ƙididdiga suka zo akwai takardar da za a nuna musu.

Amma yawancin abin da ke cikin RHEL yana ƙarƙashin lasisin GPL da ire-irensa, kuma GPL ya wajabta wa duk wanda ya ba mutum manhaja ya ba shi rubutun tushenta, tare da 'yancin gyarawa da rabawa. Red Hat ya daɗe yana wuce abin da lasisin ya wajabta, yana ajiye rubutun a fili ga kowa. Daga 2004 wasu masu aikin sa-kai suka riƙa ɗaukar rubutun, su cire tambarin kamfanin, su sake gina shi, su raba kyauta da sunan CentOS. Kaya iri ɗaya, wa'adi iri ɗaya, babu lambar kira, babu kuɗi. Shi ya sa ta yaɗu kamar wutar daji.

A Janairun 2014 Red Hat ya rungumi aikin. Ya ɗauki manyan masu haɗa CentOS aiki, sunan kuma ya koma hannunsa. An yi murna a lokacin, tunda aikin sa-kai ya samu mai ɗaukar nauyi. Mutane kaɗan ne suka tsaya kan cewa mai sayar da kaya yanzu shi ke riƙe da wuyan mai raba kayan kyauta. A Yulin 2019 kamfanin IBM ya kammala sayen Red Hat a kan dala biliyan 34. Wata 17 bayan haka sanarwar Disamba ta fito. Red Hat ya ce zai mayar da ƙarfinsa ga CentOS Stream, wadda ke tafiya gaban RHEL kaɗan maimakon bin bayanta, domin jama'a su samu damar sa hannu kafin a fitar da kaya. Hujjar ba ta banza ba ce, kuma kamfani irin Meta, mai dakarun injiniyoyi, yana tafiyar da sabobinsa a kan Stream. Sai dai wa'adinta kimanin shekara biyar ne, kuma ba ita aka yi wa mutane alkawari ba.

Babu labarin da ya fi nuna ciwon abin kamar na masana kimiyya. Cibiyar Fermilab ta Amurka da CERN ta Turai sun shafe shekaru suna da nasu kwafin na RHEL mai suna Scientific Linux. A 2019 Fermilab ta sanar cewa ba za ta gina sabuwar siga ba, za ta koma CentOS 8, tunda babu amfanin maimaita aikin da wani ke yi. Shekara ɗaya da 'yan watanni aka janye tabarmar. Kayan aro ba ya rufe katara, ko da mai aron shi ne dakin gwaje-gwajen da aka ƙirƙiro shafukan yanar gizo a cikinsa.

Nan take magada biyu suka taso. Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS, ya fara Rocky Linux, ya sa mata sunan abokin aikinsa marigayi Rocky McGaugh. Kamfanin CloudLinux ya fara AlmaLinux, ya fitar da ita a Maris ɗin 2021, ya miƙa ta ga wata gidauniya mai zaman kanta. A Disamban 2022 CERN da Fermilab suka ba da shawarar AlmaLinux ga masu bincikensu. Kamar an huta.

Ranar 21 ga Yuni, 2023, Red Hat ya sake motsawa. Ya ce daga ranar, CentOS Stream ce kaɗai wurin da jama'a za su ga rubutun tushe, ainihin rubutun RHEL kuwa sai abokan ciniki ta shafinsu na musamman. Wani mataimakin shugaban kamfanin, Mike McGrath, ya kare matakin da cewa masu kwafe aikin wasu ba tare da ƙara komai ba barazana ne ga kamfanonin da ke biyan albashin masu rubuta manhajar. Masu suka, ciki har da ƙungiyar Software Freedom Conservancy, suka nuna inda gizo ke saƙar: lasisi ya ba abokin ciniki 'yancin raba rubutun, amma kwangilar kamfanin ta bar masa damar yanke hulɗa da wanda ya yi amfani da 'yancin. Mutum yana da haƙƙi, sai dai in ya taɓa shi ya rasa facinsa.

Magadan biyu suka rabu hanya. Rocky ta ci gaba da neman rubutun ta wasu kafofi da lasisi ya halatta, kamar sabobin haya da ake biya da awa, domin ta kasance kwafi sak. AlmaLinux ta haƙura da zama sak, ta ce ya ishe ta duk manhajar da ke aiki a RHEL ta yi aiki a kanta, wanda ya ba ta damar fitar da wasu gyare-gyaren ba tare da jiran kowa ba. A Agustan 2023 Oracle da SUSE da CIQ, kamfanin Kurtzer, suka kafa ƙungiyar OpenELA domin ajiye rubutun a fili. Ganin Oracle a sahun masu kare 'yancin manhaja ya ba da yawa daga tsofaffin 'yan harkar dariya. Duk waɗannan suna aiki lafiya yau, amma duk cikinsu babu wanda ke yanke shawarar inda RHEL za ta dosa.

Debian da kundin tsarin mulkinta

A ɗaya ɓangaren akwai Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a Agustan 1993. Ba kamfani ba ce, ba ta da mai ita, ba a iya sayen ta. Tana da rubutaccen alkawari ga jama'a tun 1997, da kundin tsarin mulki tun 1998. Masu haɗa ta da ke da ƙuri'a sun kai kimanin 1,000, warwatse a duniya, kuma duk shekara suna zaɓen shugaba ta hanyar jera 'yan takara bisa fifiko. Daga 2020 zuwa 2024 ɗan Afirka ta Kudu, Jonathan Carter, shi ya riƙe kujerar. Ikon shugaban taƙaitacce ne, kuma ƙuri'ar mambobi tana iya soke hukuncinsa.

Mulkin jama'a yana da nasa tsadar. A 2014 Debian ta shiga rikici mai zafi kan sauya manhajar da ke tayar da na'ura zuwa wata mai suna systemd. Kwamitin fasaha ya rabu huɗu da huɗu, shugaban kwamitin ya raba gardama da ƙuri'arsa, wasu suka yi murabus, wasu suka ɓalle suka kafa Devuan. An yi zage-zage, an yi gaba. Amma a bainar jama'a aka yi shi, a wasiƙun da kowa zai iya karantawa har yau, kuma babu wanda ya kwanta da wa'adin shekara goma ya tashi da na shekara ɗaya.

Debian kan fitar da sabuwar siga kusan duk shekara biyu, idan masu haɗa ta sun gamsu ta nuna: Debian 12 a Yunin 2023, Debian 13 a Agustan 2025. Tana ɗauke da ƙunshin manhajoji sama da 60,000. Rukunin tsaronta yana kula da kowace siga kimanin shekara uku, sannan wani rukuni, wanda kamfanoni ke tallafa wa da kuɗi, ya kai ta shekara biyar. Wato rabin wa'adin RHEL. Babu lambar kira a hukumance. Sabobin Wikipedia a kanta suke, wanda ya isa amsa ga mai cewa kayan sa-kai ba sa ɗaukar nauyi.

Ba kuma tsarkakakkiya ba ce. A 2006 wani mai haɗa ta ya cire wasu layuka daga manhajar OpenSSL da niyyar kawar da wani gargaɗi, ba tare da ya san ya lalata hanyar samar da makullan sirri ba. Har zuwa Mayun 2008, lokacin da Luciano Bello ya gano matsalar, makullan da aka ƙera a Debian da 'ya'yanta suna fitowa ne daga zaɓi kimanin 32,000 kacal, adadin da kwamfuta za ta gwada duka kafin a gama shan shayi.

Babbar 'yar Debian ita ce Ubuntu. Mark Shuttleworth, shi ma ɗan Afirka ta Kudu, ya kafa kamfanin Canonical ya fitar da ita a Oktoban 2004, da sunan da ya ɗauko daga harsunan kudancin Afirka mai nufin mutuntaka. Abin da ta ƙara a kan uwarta shi ne kalanda. Duk watan Afrilu na shekara mai lamba cika, sabuwar siga mai dogon wa'adi tana fitowa, kuma lambarta ita ce ranarta: 22.04 ta Afrilun 2022, 24.04 ta Afrilun 2024. Shekara biyar kyauta, goma ga mai biyan Ubuntu Pro, wanda ake ba mutum ɗaya kyauta a kan na'urori biyar. Ita ce mafi yawan masu koyo ke fara taɓawa, ita ce bayanan koyarwa a intanet suka fi ambata, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da ƙwararru suka yi ƙaranci.

Akwai wani ƙaramin rubutu da ake yawan tsallakewa. Alkawarin shekara biyar na kyauta ya shafi babban rumbun Ubuntu ne, mai ƙunshi kimanin 2,300. Sauran sama da 20,000 da ke ɗaya rumbun, tabbacin facinsu yana cikin tsarin biya. Mai saba zai iya ganin komai na sabuntawa yana murna, alhali wata manhajar da ya dogara da ita tana ɓangaren da ba a lamunce ba. Sannan Canonical kamfani ne mai zaman kansa. Bai taɓa yin abin da Red Hat ya yi wa CentOS ba, amma babu kundin da ya hana shi.

Amfanin tsufa

Matashin da ya saba da sabuwar waya duk shekara kan yi mamakin ganin sabobi na tafiya da manhajojin da suka kwana biyu. Akwai nau'o'in da ke ba da sabo fil: Fedora tana fita duk wata shida, a kula da ita kimanin wata 13, Arch kuwa kullum cikin sabuntawa take. Suna da daɗi a kwamfutar mai koyo. A Maris ɗin 2024 aka ga dalilin da ya sa ba kasafai ake damƙa musu bayanan jama'a ba.

Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, yana gwaji a kan sigar Debian ta gwaji, ya lura shiga na'ura daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, ranar 29 ga Maris ya bayyana cewa an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a wata ƙaramar manhajar matse bayanai mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowace sabar Linux. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka wa mutum ɗaya tilo da ke kula da manhajar, wanda gajiya ta cinye, har aka amince masa aka ba shi makulli. Gurɓatattun sigogin, 5.6.0 da 5.6.1, sun riga sun shiga nau'o'in gwaji da masu saurin sabuntawa. Ba su isa RHEL ba, ba su isa tsayayyiyar Debian ba, ba su isa Ubuntu mai dogon wa'adi ba. Ubuntu 24.04 tana gab da fita a lokacin, har sai da aka ɗage sigar gwajinta da mako guda aka sake gina ƙunshinta. Jinkirin da ake yi wa tsofaffin ba'a a kansa shi ya ba da lokacin da aka kama ɓarawon.

Dala da takunkumi

Ga ƙasashen da ba su ne ke haɗa waɗannan manhajoji ba, akwai ƙarin lissafi biyu. Na farko kuɗi. A watan da Red Hat ya rufe rubutunsa, Yunin 2023, a watan ne Babban Bankin Najeriya ya saki naira. Dalar da ke kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Duk kwangilar lasisin da aka ƙulla da dala ta ninka fiye da sau uku a kasafin naira, ba tare da an ƙara saba ko ɗaya ba.

Na biyu siyasa. A Maris ɗin 2022, bayan mamayar Yukren, Red Hat ya dakatar da ciniki da hidima a Rasha da Belarus, SUSE ma ya dakatar da sayarwa. Canonical ya yanke hulɗa da kamfanonin Rasha amma ya bar facin kyauta a buɗe. A Oktoban 2024 aka cire sama da mutum goma masu alaƙa da Rasha daga jerin masu kula da ƙwayar Linux kanta saboda dokokin takunkumi. Ko mutum yana ganin matakan daidai ne ko a'a, sun nuna cewa kwangilar tallafi tana ƙarƙashin dokar ƙasar mai sayarwa. Rasha tana da Astra Linux, wadda aka gina a kan Debian, China tana da openEuler da Huawei ya buɗe. Babu ɗaya daga cikinsu da aka fara daga sifili. Rubutun da ke a fili shi ya ba su inda za su tsaya.

Wasu za su ce zamani ya wuce wannan muhawara, tunda yanzu ana ƙulle kowace manhaja a kwantena, wato ƙunshi mai ɗauke da duk abin da take buƙata, wanda zai yi aiki a kan kowane nau'i. Akwai gaskiya a ciki, kuma ya sauƙaƙa ƙaura ƙwarai. Amma kwantena tana amfani da ƙwayar na'urar da ta hau, kuma a cikinta ma akwai ɗan ƙaramin nau'in Linux, sau da yawa Alpine ko Debian, wanda shi ma yake tsufa. Mai saba ɗaya da kwantena talatin yana da wa'adi talatin da ɗaya da zai riƙa dubawa.

Idan aka tattara, zaɓin ba shi da wahalar da ake ba shi. Bankin da manhajarsa ta ce sai RHEL ko SUSE, kuma yana da dalar biya, ya biya. Wanda ma'aikatansa suka ƙware a gidan Red Hat amma babu kuɗi, AlmaLinux ko Rocky za su riƙe shi, muddin ya san a inuwar wa yake zaune. Ƙaramar jarida ko ƙungiyar farar hula ko sashen jami'a mai ma'aikacin fasaha ɗaya, Debian ko Ubuntu mai dogon wa'adi sun ishe su, kuma wadda ma'aikacin ya fi sani ita ta fi. Ga hukumar gwamnati da ke riƙe da bayanan 'yan ƙasa, hujjar Debian ta fi nauyi fiye da yadda aka saba ba ta: wa'adinta ya fi gajarta, amma ba ya hannun wani kwamitin daraktoci, kuma kuɗin da ba a tura waje ba zai iya biyan albashin injiniyoyin gida.

Wannan albashi shi ne inda abin ya fi lalacewa. An saba da tsarin da ɗan kwangila zai kawo saba, ya ɗora manhaja, a yanke kyalle, a biya shi, ya tafi da kalmar sirri a aljihunsa. Babu layin kula da ita a kasafin baɗi. Faci yana fitowa a kan lokaci daga Debian ko Red Hat, babu mai sa shi. CentOS 7 ta cika shekara gomanta cif, daga 2014 zuwa 30 ga Yuni, 2024, babu wanda ya zaftare mata ko kwana ɗaya, an kuma san ranar tun da daɗewa. Duk da haka, da aka rufe rumbunanta aka kwashe su zuwa ma'ajiyar tarihi, masu sabobi da yawa sun fara sanin halin da suke ciki ne lokacin da umarnin sabuntawa ya dawo musu da saƙon kuskure.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan fasaha da suka dace, da sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati tambaya, ta amsa cikin kwana bakwai. Ana yawan amfani da ita wajen tambayar nawa aka kashe a kan wani shafi. Da wuya a ji an tambayi wace babbar manhaja ke ƙarƙashinsa, yaushe wa'adinta zai cika, da ko akwai ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin sa mata faci.

Ranakun a rubuce suke ga mai son dubawa. Tallafin kyauta na Ubuntu 20.04 ya ƙare a Mayun 2025. Debian 11 tana da zuwa ƙarshen Agustan 2026, Ubuntu 22.04 da CentOS Stream 9 zuwa 2027, Debian 12 zuwa tsakiyar 2028. RHEL 8, tare da AlmaLinux 8 da Rocky Linux 8, za su kai Mayun 2029, shekarar da aka yi wa CentOS 8 alkawari tun farko.